Na Je Agadas Awon Tansiyo, Aka Kama Inna

Tun cikina yana wata uku nake ɗauke da wani tsoro da ban gaya wa kowa ba. Yayata Habsu ta haihu lafiya, aka yi suna, aka ci rago. Ana cikin wankan jego ƙafafunta suka kumbura, kanta ya riƙa sarawa, in ta kwanta numfashi ya gagare ta. Kwana talatin da biyu da haihuwa muka rasa ta. Da ni ma na sauka, haihuwar fari, na koma gida wanka wurin Inna, a ɗakin da Yaya Habsu ta yi nata, kullum da safe kafin in duba jaririya sai na danna ƙafata da yatsa in ga ko wurin zai lotsa.

Wannan tsoron ne ya kai ni Agadas. Tun da na dawo Tanut kuwa ban huta ba. A famfo a tare ni, a ajin kur dadil, na yaƙi da jahilci, a kewaye ni kafin malama ta shigo. "Barira, wai gaskiya ne an ɗaura miki injin da ke numfashi?" "Wai ke kika je magani, Inna ta dawo da shi?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Ina da kwana goma sha shida da haihuwa ciwon kai ya taso mini, ina ganin wasu ƙananan taurari da rana tsaka. Na lallaɓi Inna muka je matanite, asibitin haihuwa, wurin Madam Zara sajfam, ungozomar da ta karɓi haihuwata. Kun san halinta, ba ta auna mutum da shigowarsa. Ta zaunar da ni, ta ce in sa ƙafafu a ƙasa, in jingina, kada in yi magana. Ta auna hannun dama, ta auna na hagu, ta sake. Ta ce, "Tansiyonki sha shida da goma. Hawan jini ne, ya yi yawa ga mai jego." Ta ba ni ƙwayoyi, sannan ta juya wurin Inna.

"Inna, kunun kanwa nawa take sha?"

"Kwano safe, kwano yamma. Da me za ta yi nono in ba ta sha ba?"

Madam Zara ta ce a dakatar da shi. Ta ce kuma malamar da ta koyar da su tana Agadas, lokotoro ce, babbar likita mai koyarwa a jami'a, shekara da shekaru ba abin da take bincike sai hawan jinin mata bayan haihuwa. "Da can, in mace ta sauka lafiya sai mu sallame ta, shi ke nan. Ita ta sa muka fara auna mai jego bayan suna. Har wannan zaman da na sa kika yi, ita ta koya mini. Tana da aparai, wani injin awo, da ba mu da shi a nan. Da yake yayarki ta tafi ta wannan hanya, ina so ta gan ki da idonta." Ta rubuta takarda ta sa mini a karne, littafina na asibiti.

Inna ta ce ba a taɓa yi ba, mai jego ta hau mota kafin arba'in. Sai da maigidana ya kira daga dajin zinariya, inda yake aiki can arewa, ya roƙe ta, ya ce mu sauka gidan wansa Yaya Sani. Ta yarda, amma da sharaɗi biyu: da ita za a je, kuma wanka ba zai tsaya ba ko na rana ɗaya. Ni ma na kafa nawa, cewa kanwa a Tanut za ta zauna. Ta ce ta ji.

Da safe muka shiga kar, babbar motar fasinja. Rabin motar masu zuwa zinariya ne, kowa da bidonsa na ruwa da bargonsa, suna ta gardamar wace rijiya ce ta ba da kaya bana. Kusa da ni wani dattijon Buzu ya zauna. Tun daga Tanut har Agadas ban ga bakinsa ba. In zai sha ruwa sai ya cusa kofin ta ƙarƙashin rawani. Na yi ta satar kallo har Inna ta mintsine ni.

Ita kuwa Inna, sanyi ne abokin gabarta. Ta sa mini rigar sanyi, ta sa mini safa, ta lulluɓe ni da bargo, ta hana a buɗe tagar da ke kusa da mu. Rana ta ɗaga, gumi yana zuba mini har cikin kunne. Wani mai zuwa zinariya, Bamaraɗe, ya juyo ya dube ni.

"Inna, in ta nuna ki sanar da mu, ba mu karya ba."

"Uwarka ma haka aka dafa ta, shi ya sa ka fito da ƙarfin haƙar rami," in ji Inna. Motar duka ta ɗauki dariya, har dattijon nan na ga kafaɗunsa suna rawa.

Hanyar ba sai na faɗa ba. Wani wuri kwalta, wani wuri rairayi, wani wuri ba ka san sunansa ba. Abin mamaki, yarinyar (ba zan faɗi sunanta ba, kun san ƴar fari ce) ba ta taɓa barci mai daɗi irin na ranar ba. Duk ramin da ya ɗaga mu sama, ita lilo ne a wurinta.

A bariyar da ake shiga jihar Agadas aka ce kowa ya sauko da takardarsa. Na miƙa katina da karnen matanite. Jandarman ya duba, ya yi mini barka, ya ce mai jego ta koma inuwa. Sai ya ɗaga ƙullin Inna ya ji nauyi.

"Inna, me ke ciki? Duwatsu?"

"Kayan mata ne."

Ya kwance. Kanwa ce, ja, manyan dunƙule, ta isa jegon mata uku. Na dubi Inna, Inna ta dubi sama. Jandarman ya yi dariya ya ce, "Inna, arewa kika nufa fa. Nan gishiri da kanwa a raƙuma suke zuwa. Da kin bar wannan wahala." Ya ɗaure mata abinta da kyau. Da muka koma mota na ce, "Inna, ba haka muka yi ba." Ta ce, "Na ce na ji. Ban ce na bari ba."

A Adarbisanat aka tsaya sallah da abinci. Mata suka yanyame motar da cuku, fari, falle-falle kamar takarda. Inna ta sayo mini gasasshen nama, ta barbaɗe shi da yaji da gishiri har ba a ganin naman. Na ci kaɗan, na ce na ƙoshi, ita ta cinye sauran. Ku riƙe wannan, za ku ga amfaninsa a gaba. Bayan nan taya ta fashe, muka zauna ƙarƙashin wata ƙaya mai inuwa kamar ta tsintsiya, Inna tana ta lissafin cewa wankan safe ya wuce, na yamma ma yana neman wucewa.

Da la'asar sakaliya muka hango Agadas da dogon masallacin nan nata na ƙasa mai itatuwa a jiki. Yaya Sani yana jiranmu a tasha, ya sa mu a adaidaita. Matarsa Lalla Buzuwa ce, ƴar wajen Dabaga, doguwa, mai yawan dariya, Hausarta tana da wani lanƙwasa kamar tana waƙa. Muna shiga ta karɓi yarinyar, ta ɗaga murya ta ce, "Sani, ɗora shayi, baƙi sun gaji." Da sunansa fa, gatsal! Shi kuma ya tsuguna ya hau fifita gawayi. Inna ta kama bakinta. Da muka shiga ɗaki ta raɗa mini, "Wannan gidan wa ya auri wa?" Daga baya na lura haka suke a can. Mace tana zaune cikin maza fuskarta a buɗe tana ba da labari, namiji ne mai rufe baki. Mu a nan, ni ko sunan maigidana ban taɓa furtawa ba.

Lalla ta kawo mini irin furarsu, egajira suke ce mata, gero da dabino da cuku aka daka tare. Tana da daɗi ƙwarai, tana kuma riƙe ciki. Inna ta ɗanɗana ta ce ba laifi, sai dai ba kanwa. Lalla ta ce, "Kanwa? Mu raƙuma muke ba wa." Inna ba ta yi dariya ba.

Sai rigimar ruwan wanka. Itace yana da wuya a Agadas, Lalla da gawayin Cirozerin take girki, wanda ake haƙowa daga ƙasa. Inna ta juya shi a hannu ta ce wannan dutse ne, a daina yi mata wasa. Ta hura, ta fifita, ta yi masa faɗa, ya ƙi kamawa. Da Lalla ta kunna mata shi, ya kama, ya ƙi mutuwa, tukunya tana ta tafasa, sai ga Inna tana cewa ko za a samu buhu ɗaya mu tafi da shi. Ganyen dogon yaro kuwa daga gida ta taho da abinta. Aka yi wanka, hankalinta ya kwanta.

Washegari Lalla ta raka mu wurin lokotoron. Wasu ɗakuna ne biyu a gefen likita, wato asibiti, da rumfa da bencina. Mata sun cika, wasu da jarirai, wasu tsofaffi. Wadda na zauna kusa da ita ta ce daga Tabalot ta zo, a saman motar albasa, kuma ba sai ta rantse ba, hancina ya shaida. Ita ta ba ni labarin Hajiya Lokotoro. Ta ce tana zuwa garinsu da ɗalibanta, su zauna cikin garka ƙarƙashin itatuwa su auna kowa, mata da maza, su rubuta, bayan wasu watanni su dawo su sake auna mutanen nan dai. "Da farko mun ɗauka ba ta da aikin yi. Mutum lafiyarsa ƙalau a riƙa matse masa hannu! Sai da ta gaya wa mijina jininsa ya hau, ya ƙi magani, ɓarin jikinsa ya mutu yana cikin ban ruwa. Yanzu in motarta ta zo har layi ake yi."

Aka kira sunana. Na zaci zan ga wata mai farar riga da fuska a ɗaure. Sai na tarar da wata gajeriyar mata da atamfa, da tabarau mai igiya, da takalmin roba irin nawa. Ta gaishe da Inna har da russunawa, ta karɓi yarinyar tana yi mata wasa, ta tambaye ni hanya, ta tambayi ko an yi ruwa a wajenmu, Damargu, bana. Na ce, "Hajiya, ba ki sa rigar likita ba." Ta ce, "Na daina. Na lura akwai mutanen da ganin farar riga kaɗai yake ɗaga musu tansiyo. Ke ma daga ganin idonki irinsu ce."

Bayanta akwai kanta cike da manyan rajista, kowanne da sunan gari a jiki: Dabaga, Tabalot, Cirozerin, da wasu da ban iya karantawa ba. Akwai hotonta tana magana gaban mutane da yawa a wata ƙasa, kowa da rigar sanyi. Ta ga ina kallo, ta ce, "Abin da ke cikin rajistan nan na je na gaya musu. Hannuwan matan nan ne suka kai ni can."

Ta auna ni, ta saurari ƙirjina, ta danna ƙafata daidai inda nake dannawa kullum. Ta yi mana bayani da Hausa sarai. Ta ce kanwa ƴar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, ruwan ya ƙara wa zuciya kaya, alhali zuciyar mai jego ba ta gama hutawa daga ɗaukar ciki ba. Ta ce ba kowace mace ce yake kayarwa ba, kuma ba kanwa kaɗai ce ke kawo shi ba, abin da take ta bi ke nan shekarun nan, ta gane wace ce ke cikin haɗari tun kafin ta faɗi. Sannan ta ce, "Awo ɗaya a ɗakin nan ba ya gaya mini gaskiyarki, don a tsorace kike. Ina so in ɗaura miki aparai ki tafi da shi gida, kwana ɗaya da yini, ya riƙa aunawa da kansa. In kin yarda in sa sakamakon cikin bincikena, ba da sunanki ba, to. In ba ki yarda ba, magani dai za ki samu." Na ce na yarda.

Aparan ɗan akwati ne kamar ƙaramar rediyo, an rataya mini shi a kugu, da tiyo da ya bi ta cikin riga zuwa wani ƙyalle da aka naɗe mini a damtse. Ta ce abu biyu: kada ya jiƙe, kada a cire. In ya fara kumbura in tsaya cak har ya saki.

Jama'a, wannan abu ba shi da kunya. Duk rabin awa sai ya yi gurnani, ya kumbura, ya matse ni, sannan ya saki da wani dogon huci. Ya kama ni a kasuwa Lalla tana tayin lemun Timiya, na tsaya ƙiƙam da hannu a miƙe, mai lemun ya ja da baya yana tambayar ko aljanu gare ni. Ya kama ni ina ba da nono. Ya kama ni a ruku'u a sallar azahar, na rasa ko in ɗago ko in jira shi. Inna ta sa masa suna magulmaciya, ta ce duk abin da muka yi tana rubutawa za ta kai wa Hajiya.

La'asar ta yi, ruwa ya tafasa. Na ce, "Inna, yau kam ba wanka, an ce kada ya jiƙe, kada a cire."

"Jiya an rasa na safe, yau kuma a rasa na yamma? Ba a gidana ba."

"Ai ba gidanki ba ne, gidan Lalla ne."

"Kada ki yi mini rashin kunya. Ita magulmaciyar me take so? Ba hannu ba? In ta kumbura ta ji ba kowa, shi ne za ta kai ƙara. To ga hannu."

Kafin in ce wani abu ta ɓalle ƙyallen daga damtsena ta naɗa a nata, ta soke akwatin a ɗaurin zaninta ta baya inda ruwa ba zai kai ba. Gaskiya ni ma a lokacin na ga dabarar ta yi. A tunanina abin yana lura ne kawai ko an cire shi. Haka Inna ta yi mini wanka, tana tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini, in magulmaciya ta yi gurnani ta tsaya cak da ganye a sama kamar gunki, ni ina tsugune ina dariya har da hawaye. Ba ta mayar mini ba sai da na shafa mai na sa kaya, ta kuma sha kunu. Don ta dama kunun kanwar a ɓoye, na ƙi sha, ta ce ba za a zubar da abinci ba. Ashe tun ranar da Madam Zara ta hana ni, duk kwanon da na ture cikin Inna yake tafiya. Da safe muka sake yin yadda muka yi, muka yi alkawari ba mai faɗa.

Da hantsi muka koma. Wata ɗalibar Hajiya ta cire aparan ta haɗa shi da ordinata, wato kwamfuta, takarda ta fito da wani zane kamar tuddai. Ta duba, ta sake dubawa, ta tashi da sauri ta kai wa Hajiya. Na ga fuskar Hajiya ta canza. Na ƙirga a raina, ranar kwanana ashirin da biyu. Na ce shi ke nan, saura kwana goma in bi Yaya Habsu.

Ta juyo da takardar ta nuna mini da biro. "Dubi nan. Duk yini kina wajen sha uku, sha huɗu, maganin Zara yana aiki. Amma nan, daga ƙarfe biyar zuwa shida na yamma, kin haura ashirin. Ga shi kuma da safe ƙarfe bakwai. Me kike yi a lokutan nan?"

Na ce, "Wanka."

"Wankan jego? Da ruwa mai zafi?" Ta gyara tabarau, ta jawo rajista. "Ban taɓa samun wadda aka auna tana cikin wankan ba. In ruwan zafi ne yake kai ki nan, wannan babban abu ne." Ta fara rubutu, sai ta tsaya. "To amma yaya aparan bai jiƙe ba?"

Inna ta ce, "Mun yi hankali."

Hajiya ta sake bin takardar da yatsa. Ta kama wuyan hannuna tana duban agogo. Ta ce, "Zuciyarki gudu take yi kamar ta tsuntsu, duk yini haka ta nuna. Amma a wuraren nan biyu ta koma tafiyar raƙumi." Ta ajiye biro. Ba ta ɗaga murya ba. "Barira, in na yarda da takardar nan, yau zan ƙara miki magani mai ƙarfi. In kuwa jinin ba naki ba ne, maganin zai iya kayar da ke kina riƙe da yarinyar nan. Bayan haka, abin da na rubuta a rajistan nan ba a ɗakin nan yake tsayawa ba. Shi nake koya wa irin su Zara, su kuma su yi aiki da shi a kan matan da ban taɓa gani ba. Hannun wa aka auna?"

Na dubi Inna. Inna ta dubi sama, irin kallon da ta yi a bariya. Na ce, "Na Inna ne."

Ɗalibar ta toshe baki ta fita waje, muna jin dariyarta ta taga. Hajiya ma ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce shekarunta nawa tana wannan aiki, an taɓa ɗaura aparanta a ƙafar gado, amma ba a taɓa ba shi aron hannu ba. Ni kuwa wani sanyi ya sauko mini tun daga kai har ƙafa. Ba ni ba ce! Sai kuma na ga Hajiya ta daina dariya, ta jawo kujera.

"Inna, bismilla. Ƙafafu a ƙasa, ki jingina."

"Ni lafiyata lau. Rakiya na zo."

"Na sani. Zauna dai."

Ta bar ta ta huta, ta auna dama, ta auna hagu, ta sake. Sha tara da sha ɗaya, a zaune, ba wanka ba komai. Inna ta ce injin ne ya riƙe ta a zuci tun jiya. Ta ce ita ko ciwon kai ba ta yi, ita ke daka, ita ke ɗebo ruwa. Hajiya ta ce, "Haka yake, Inna. Yawancin waɗanda na samu da shi ba sa jin komai. Shi ya sa nake bin mutane har garka ina matse musu hannu." Ta tambayi abin da take ci. Ni na ba da amsa, tun daga naman Adarbisanat har kwanonin kunun da na ture. Inna ta harare ni ta ce ashe magulmatan biyu ne.

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Lokotoro, ina da wata ƴar, babbar. Ni na yi mata wanka, ni na dama mata kunu, kwano biyu kullum. Da ta kumbura na ce sanyi ne ya shige ta, na ƙara kanwa. Ni na kashe ta ke nan?"

Tun rasuwar ban taɓa jin Inna ta ɗauko maganar ba. Hajiya ta kama hannunta, wanda ƙyallen yake naɗe a kai har lokacin. Ta ce, "Ban gan ta ba, ba zan iya ce miki ga abin da ya ɗauke ta ba, kuma kwana na Allah ne. Kin yi mata abin da uwarki ta yi miki, da zuciya ɗaya. Ni ma uwata ta ba ni kunun nan. Abin da aka rasa a lokacin, ba wanda ya auna ta. Wannan kuwa kin kawo ta tun daga Tanut an auna." Inna ta share ido da mayafi, ta ce to a cire mata wannan abu ya ishe ta.

Sai da muka ƙara kwana uku. An sake ɗaura mini aparan, wannan karon Lalla ce ta yi gadi, wanka kuma ya jira har aka cire. Takardar ta fito ba tudu ko ɗaya. Hajiya ta ce in ci gaba da ƙwayoyina, ba sa taɓa nono, in riƙa zuwa wurin Madam Zara duk mako. Wanka ta ce a yi, amma da ruwa mai ɗumi, ba wanda zai sale fata ba, kunu kuma a dama shi ba kanwa. Inna aka ba ta nata maganin da nata karnen, aka kuma tambaye ta ko ta yarda a sa ta a rajista. Ta ce a sa, amma a rubuta cewa rakiya ta zo.

Ranar da za mu taho, ina haɗa kaya na ga Inna ta ɗauko ƙullin nan da ya sha hanya, ta dire gaban Lalla. Ta ce, "Ungo. Kin ce raƙuma kuke ba wa. A kai wa na gidanku, su yi jego." A wurinsa ta ɗaure gawayin Cirozerin.

Kwana na talatin da biyu ya zo ya same ni a tsakar gidanmu ina shanya. Ban gaya wa kowa ina ƙirgawa ba, amma da yamma na ga Inna ta dafa shinkafa da wake ta rarraba wa maƙwabta, ba ta ce don me ba. Mun yi arba'in, na koma ɗakina. Yanzu tansiyona ya sauka, Madam Zara ta ce wataƙila a rage mini magani. Na Inna kuwa an ce na zama ne. Kullum da safe sai na aika a tambaye ta ko ta sha, ita kuma ta aiko a gaya wa magulmaciya ta sha.

To ga roƙona. Wadda ta haihu, bayan suna ta koma matanite a auna ta, ko ba ta jin komai, kada ta jira arba'in. In kai yana sarawa ko ƙafa ta kumbura, kada a ce sanyi ne a ƙara kanwa, a tafi a ranar. Kuma in za ku je, ku tafi da wadda take yi muku wanka, in an gama da ku ku ce ita ma ta zauna ta miƙa hannu.